Mu Daina Matsa Wa Direba A Hawan Alejo Da Defale

Yau ba maganar burtali ko haraji na zo da ita ba, a kan wani laifi ne da mu da kanmu muke yi, sannan mu ɗora wa direba.

Duk wanda ya taɓa loda shanu a Sinkase ko Dapaong zuwa kasuwar Adetikope kusa da Lome, ya san tafiya ce ta fiye da kilomita 600, kuma ya san wurare biyu da gaban kowa ke faɗuwa: dutsen Defale tsakanin Kante da Niyamtugu, da tsagar Alejo tsakanin Bafilo da Sokode. Gaskiya ne an yi sababbin hanyoyi da suka kewaye su, amma har yanzu hawa da gangara suna nan.

Na taɓa bin wata tirela ɗauke da shanunmu. Muna shiga hawa direba ya sauke giya, injin ya ɗauki ƙara, mota tana rarrafe. Sai abokin tafiyata ya hau shi da faɗa, wai zai fasa injin kuma zai sa mu rasa kasuwa. Direban yaro ne, ya ji kunyar babba, ya mayar da babbar giya. Ba mu kai rabin dutse ba mota ta fara shaƙewa tana baƙin hayaƙi, ruwan lagireto ya tafasa, muka tsaya cak. Yaron mota ya sa weji, amma shanu sun riga sun zube kan juna ta baya. Bijimi ɗaya ya karye, dole muka yanka shi a bakin titi muka sayar a wulaƙance.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, ƙarar injin a hawa ba alamar wahala ba ce. A gaban direba akwai agogo mai allura da ke nuna juyin injin a minti ɗaya. Manyan motocin gazuwal sun fi ƙarfin ja idan allurar tana wajen 1,200 zuwa 1,600, wato inda galibi ake shafa koren fenti. In ta faɗi ƙasa da haka alhali ƙafa tana kan totur har ƙasa, injin yana shan mai da yawa, ga shi famfon ruwa da fanka sun rage juyi. Nan zafi ke taruwa. Maganinsa a sauke giya tun kafin mota ta gaji. Abin gudu shi ne allura ta shiga wurin jan fenti.

Gangara ma haka take. Giyar da aka hau dutse da ita, da ita ake sauka, ko wadda ta fi ta ƙanƙanta, don injin ya riƙe motar. Direban da ya cire giya wai yana tattalin mai, ya bar wa birki nauyin duka, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa.

Wani zai ce lokaci kuɗi ne, in ka makara farashi ya faɗi. Na yarda. To amma minti nawa hawan nan zai ci? Kwatanta shi da wuni guda a rana kana jiran makanike daga Kara ko Sokode, shanu babu ruwa babu inuwa. Sauri ya haifi nawa.

Laifinmu na biyu lodi ne. Tun 2005 ƙasashen UEMOA, har da Togo, suka yi dokar ƙayyade nauyin manyan motoci, amma mu ne ke roƙon a ƙara kai biyu ko uku. Kowane ƙari injin ne zai biya shi a kan dutse.

Shawarata ita ce, kafin a tashi a duba ruwa da mai da birki, a tabbata agogon nan yana aiki. A bar gida da wuri don a tsallake duwatsu da sanyi. Idan an shiga hawa, mai dukiya ya yi shiru ya bar direba da aikinsa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a dukiyarmu, amin.