Ku Buɗe Ƙofa, Ba a Kulle Yarinta a Falo

Makon nan da ƙorafi na zo, kuma na san zai sosa ran wasu.

Tun bayan kullen korona na 2020, lokacin da makarantu suka yi wata da watanni a rufe, wasu iyaye masu ɗan abin hannu suka ɗanɗana karantar da yara a gida, kuma abin ya zauna musu. A ɗauko malamin lesin, a sayo waya ko kwamfuta, a garƙame ƙofa. Na gani da idona a gidan wani yayana a nan Karaye. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ƙanena, so nake su taso da tarbiyya, in sun girma su tuna yarinta mai daɗi." Ya buɗe waya ya nuna mini hujjarsa: yara da kek, yara cikin kaya iri ɗaya ranar Sallah, yara an jera su a bakin dam ɗin Challawa an ce su yi murmushi.

Na ce, "Yaya, wannan kai za ka tuna, su kuwa hoton kawai za su gani."

Kowa ya tambayi kansa abin da ya rage masa na yarinta. Ni dai abin da ke raina shi ne ƙurar langa a ƙofar gida, da hayaƙin wutar kara a makarantar allo da asuba, da daren da muka fita tashe fitilarmu ta mutu, da kakata tana jan labarin Gizo da Ƙoƙi har barci ya sace ni. Babu ɗaya da aka tsara mini. Duk a cikin mutane na tsince su.

Ga hujja daga ƙasarmu. Baba ta Karo, wadda ta taso a kusa da Zarewa, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Rogo, ba ta taɓa shiga aji ba. Da tsufanta ta zauna da Baturiya Mary Smith ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga littafin a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Me ta tuna? Ƙawaye, wasan dandali, bukukuwa, kasuwa, fargabar mahara, zuwan Turawa. Da a ɗaki ɗaya aka tsare ta, da wane labari za ta bayar?

Na san za a ce ai Nana Asma'u ma a gida ta yi karatu. Haka ne. Sai dai gidan Shehu Usmanu a Degel cike yake da ɗalibai da baƙi daga ko'ina, kuma da ta girma jajis ta tura ƙauyuka su koyar da mata, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Karatun gida a wurin Bahaushe ya haɗa da zaure, gona, kakanni da maƙwabta. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne.

Ban raina tsoron iyaye ba. Aji ya cika maƙil, abokan banza suna nan, zancen tsaro kuma ba wasa ba ne. Amma wayar da ka miƙa wa yaro don ya zauna shiru ta fi yaran unguwa haɗari, domin su ka san iyayensu. Kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare. In masu hali da ilimi duk suka janye 'ya'yansu, wa zai tsaya a taron iyaye da malamai ya nemi a gyara rufin aji?

Abin da ya fi damuna, mu ne zai shafa. Jarin marubuci shi ne abin da ya gani ya ji yana ƙarami. Yaron da bai taɓa jin tsofaffi biyu suna zolayar juna a wurin ɗaurin aure ba, yaya zai rubuta hira mai rai? Mun riga mun fara gani: labarai cike da falo, kujeru da motoci, taurari suna magana kamar fassarar fim, ba ƙamshin ƙasa ko kaɗan. Nan da shekara ashirin abin zai fi haka muni.

Don haka ku koyar a gida, wannan alheri ne, amma ku bar ƙofa a buɗe. Ku kai yaro gona da damina. Ku bar shi ya kwana ɗakin kakarsa. In ya yi faɗa da aboki, ku bari su shirya da kansu. Mu kuma marubuta, kowa ya nemi tsohuwa ɗaya a danginsa makon nan, ya zauna gabanta da biro da takarda kafin lokaci ya ƙure.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa mu gane.