Raddi Ga Masu Raina Hotunan Farko Na 'Yan Rawar Balet

Akwai masu sharhi da ke yayata cewa hotunan farko na 'yan rawar balet a birnin Faris ba su da daraja a tarihi. Hujjojinsu uku ne: wai kyamara ta kashe ƙawar da zanen hannu ya raya, wai hoton shiri ne tunda a tsaye aka ɗauke shi, wai kuma haja ce ta maza masu kuɗi. Magana ce mai daɗin faɗi, amma ba ta jure bincike.

Mu fara da batun zane, domin nan rauninsu ya fi yawa. Wane zane suke nufi? Irin na Alfred Chalon, wanda ya fito da Marie Taglioni, tauraruwar wasan La Sylphide na 1832, da 'yar ƙafa kamar tsinke, tana shawagi ba nauyi. Wannan ce gaskiyar da suke wa makoki? Haba! Mai zane ya zana abin da 'yan kallo ke marmarin gani. Amma da mai ɗaukar hoto Disdéri ya yi rajistar ƙaramin hoton kati a 1854, ya shiga ɗaukar 'yan rawar gidan Opera, sai ga ƙwauri mai tsoka, ga takalmi ɗaure da zare, ga fuskar yarinyar da ke cin abinci da guminta. A dubi hoton 'yar rawa Emma Livry cikin kayan wasan Le Papillon na 1860. A 1862 siket ɗinta mai shara-shara ya kama wuta daga fitilar gas ana tsakiyar gwaji, ta rasu a 1863 tana da shekara 20. Hoto ne ya adana mana kamanninta da irin yadin da 'yan rawa ke sawa kusa da harshen wuta. Wa zai ce wannan ba tarihi ba ne?

Batun shiri kuwa, gaskiya ne ɗaukar hoto a lokacin sai an daskare na daƙiƙoƙi, har a kan tokare mutum da ƙarfe. To, shi mai zanen a kan dandamali yake aikinsa? Yadda mai rawa ta riƙe wuya da hannu shaida ce ta horon da ta sha.

Zancen haja ma ba ya kai su ko'ina. Attajiran Opera sun saya, masu ƙaramin ƙarfi ma sun saya, kuma niyyar mai saye ba ta goge abin da ke jikin takarda.

Duk mai son sanin su wane ne suka yi wannan rawa, ya fara da hotunan nan kafin zane.