Jarin da Akanta Ba Ya Rubutawa

A ƙarshen kowace shekara kamfanoni kan ƙidaya kadarorinsu, tun daga gine-gine da injuna har kuɗin da ke banki. Amma akwai jarin da akanta ba ya rubutawa, wato sanin makamar aiki da ke kawunan ma'aikata. Ranar da tsohon makaniki ko babban akawu ya yi ritaya, wannan jari kan bi shi gida.

Kamfanin Matsushita na ƙasar Japan, wanda ya koma Panasonic a 2008, ya nuna darajar irin wannan sani. A 1985 injiniyoyinsa na birnin Osaka sun ƙera na'urar yin burodi a gida, amma ta kasa kwaɓa fulawa yadda ya kamata. Sai wata ma'aikaciya, Ikuko Tanaka, ta je koyon aiki wurin shugaban masu gasa burodi na wani babban otal. A can ta lura cewa gwanin yana murɗa kwaɓin a lokacin da yake jan sa. Injiniyoyi suka kwaikwayi wannan motsi na hannu, na'urar ta shiga kasuwa a 1987, ta kuma samu karɓuwa ƙwarai.

Wannan darasi ya shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye, daga fataken shanu na Legas zuwa masu safarar goro a Shagamu. Sau da yawa maigida shi kaɗai ya san dillalin da ke da amana, da wanda ake bi bashi, da watan da farashi ke faɗuwa. In ta Allah ta kasance, magada su gaji rumfa da motoci, amma sanin da ya tara dukiyar ya tafi da mai shi.

Sayen kwamfuta kaɗai ba zai magance wannan ba, domin abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Wajibi ne a rubuta basussuka da ƙa'idojin aiki, a kuma haɗa kowane gwani da matashin da zai zauna kusa da shi tun kafin lokacin ritaya. Bugu da ƙari, a saka wa mai koyarwa da ƙarin albashi ko girma, domin ma'aikacin da ke tsoron a sallame shi da zarar an koyi aikinsa ba zai taɓa buɗe cikinsa ba.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya rage ga masu kamfanoni su ɗebe ta tun tana cikin tulu.