Agwagi: Kafin a zuba guba, a fara gano mai ɓarnar

A gidajenmu da yawa agwagwa asusun mace ce. Ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta rashin lafiya ko an koro shi saboda kuɗin makaranta, ita ake yankawa idan baƙo ya sauka ba shiri. Don haka idan uwa ta ƙyanƙyashe 'ya'ya goma sha biyu, bayan wata guda aka ƙirga aka ga saura uku, an yi asara babba.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da ake ɗauka bayan asarar. Sai a ɗora laifin a kan muzuru ko karen maƙwabci, a sayo guba a barbaɗa a guntun kifi, a ajiye a bayan ɗaki. A ganina wannan ba ya tsare agwagwa ko ɗaya, kuma ɓarnarsa ta fi ta muzurun.

Agwagwar da muke kiwo, mai jan tsiro a fuska, asalinta daga Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya take, kuma tana da halayen da ke jefa ta cikin haɗari. Kaza kwana 21 take yi a kan ƙwai, ita kuwa sai ta yi kwana 35. Makonni biyar ke nan tana kwance a ƙasa, a ƙarƙashin rumbu ko cikin tarin itace, a wurin da ta zaɓa da kanta don kada a gan ta. Ga ta da ƙarancin murya. Toron agwagwa huci kawai yake yi, macen ma kukanta ba ya tayar da mai barci. Zabo ko kaza kan tada gida da kururuwa idan wani abu ya shigo, amma ana iya kwashe agwagi cikin dare babu wanda ya ji.

Kowane maɓarnaci yana barin alamarsa, kuma da ita ya kamata a fara.

Idan da rana tsaka 'yan agwagi ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, babu jini babu gawa, a ɗaga kai sama: shirwa ce ko shaho. Hankaka kuma ƙwai ya fi so, yakan huda shi ya shanye ya bar ɓawon. Idan kuwa a bakin kududdufi suke raguwa, a zargi guza, wanda ke cin ƙwai da ƙananan tsuntsaye da rana. Babbar tarwaɗa ma tana iya jan ɗan agwagwa ƙasan ruwa, abin da mutane da yawa ba sa kawowa a ransu.

Na dare sun fi yawa. Muzuru yakan ɗauki ɗaya ya koma gefe ya ci tsokar, ya bar fukafukai da ƙafafu. Kare daban yake: yana kashe da yawa lokaci guda, ya watsar da su a tsakar gida da karyayyen baya, sau da yawa bai ci ko ɗaya ba. Tunku da inyawara wuya da kai suke kamawa, kuma ƙaramar kafa ta ishe su shiga. Ɓera da gafiya su ne aka fi rainawa, alhali suna jan ɗan agwagwa ɗan kwana uku zuwa rami, a wayi gari a tarar da shi rabi a gaigaye. Idan ƙwai ke raguwa a sheƙa babu ɓawo ko kaɗan, ko aka tarar da uwar a mace a kan ƙwanta babu wani rauni a fili, to maciji ya shigo. A nan sai an yi hattara. Kada a zura hannu cikin sheƙa da duhu, kada kuma a tura yaro ya leƙa. Kumurci yana fesa dafi a ido daga nesa, kuma idan hakan ta faru a wanke idon da ruwa mai yawa a garzaya asibiti.

Sai kuma mai ƙafa biyu. Idan manyan toraye ne ke ɓacewa, babu gashi babu jini, musamman ana gobe kasuwa ko gab da Sallah, a bar muzuru ya huta.

Akwai dabara mai sauƙi wadda ba ta cin ko kwabo. Da magariba a share kewayen akurki, a barbaɗa toka ko lallausan yashi, da asuba a duba kafin kaji su tattake wurin. Sawun mage ba ya nuna farce, na kare yana nunawa. Maciji yana barin jan ciki, guza yana barin layin jela a tsakanin sawun faratansa. Cikin 'yan kwanaki mutum zai san da wa yake faɗa.

Guba kuwa ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Agwagwa kanta mai kwasar duk abin da ta gani ce a ƙasa, don haka ita ce ta farko a layi. Sai magen gida da ke rage ɓeraye, sai yaro mai rarrafe. Ɓeran da ya ci guba ya fita ya mutu, mujiya ko shirwa ko ungulu su ci shi su bi bayansa. Ungulun da muka tashi muna gani a mahauta yanzu tana cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa tun 2015, kuma guba na cikin dalilan. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna saboda haɗarinsa ga mutane, amma har yau akwai masu zuba irinsa a abinci don kashe muzuru.

Mujiya ma ana zaluntar ta. Farar mujiyar da ke kwana a rufin masallatai da tsofaffin gine-gine abincinta mafi yawa ɓeraye ne. Wanda ya jefe ta saboda camfi, ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi.

Na san abin da za a ce: waya da katako sun yi tsada, kuma amfanin agwagwa shi ne ta fita ta nemi abincinta. Gaskiya ne, ba ni cewa a kulle su dare da rana. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ragowar dusa da tuwo da ake bari a kasko cikin dare su ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji. Kwashe abinci da magariba, nisanta tarin itace da sassabe ciyawar bayan akurki ba sa buƙatar kuɗi.

Inda ya kamata a kashe kuɗi wuri biyu ne kawai: dare, da makonnin farko na 'ya'ya. Agwagwa ba ta cika kai kanta akurki kamar kaza ba, sai an saba mata. A riƙa zuba ɗan hatsi a ciki kullum da yamma a lokaci guda, cikin 'yan kwanaki za su fara zuwa da kansu, sai a rufe ƙofa da sakata. Wayar kaji mai manyan idanu tana hana tsuntsu fita ne kawai, ɓera da maciji wucewa suke. A nemi mai ƙananan idanu, kamar rabin inci, a binne gindinta kamar ƙafa guda a ƙasa saboda masu haƙa, a kuma toshe kafar da ke tsakanin bango da rufi. Wanda ba shi da halin waya, akurkin laka da aka yaɓe sosai, da murfin da ake dannewa da dutse, yana aiki matuƙar babu tsaga.

Uwa mai kwanci a yi mata shinge a inda take, domin idan aka ɗauke ƙwan zuwa wani wuri tana iya ƙauracewa. Idan ta ƙyanƙyashe, kada a bar ta ta ja su kududdufi a makon farko. A tsare su tare da ita a ƙarƙashin babban kwando ko ɗan keji mai rufin tsohon gidan sauro ko komar kifi, da ruwa a faranti marar zurfi, har su yi makonni shida zuwa takwas. A lokacin sun fi ƙarfin ɓera da hankaka, shirwa ma ba ta iya tashi da su.