Idan Kasuwa Ta Faɗi, Wa Ke Saye, Wa Ke Sayarwa?

Kwana biyun nan na ga wasu 'yan tafiyarmu sun zama malaman zuba jari dare ɗaya. Kowa sai rubutawa yake yi wai lokacin da kasuwa ta faɗi ne mai hankali ke saye, matsoraci kuma shi ya jiyo. Maganar na da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Tambayata ɗaya ce, 'yan uwa: da kuɗin wa za a saya?

Ni na ɗanɗana, ba labari aka ba ni ba. Bayan da Soludo ya tilasta wa kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, har bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25, sai guguwar sayen hannun jari ta taso. Rediyo talla, jarida talla, majalisar shayi ma zancen ke nan. A 2007 na sayar da shanu biyu, na haɗa da bashin da wani banki ya ba ni, na sayi hannun jarin bankin da ya ba ni bashin. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000, ina ta lissafin motar da zan saya. Kafin shekara ta zagayo ya sauko wajen 20,000. Jarina ya narke, bashi kuwa ko kwabo bai ragu ba, kuɗin ruwa sai hawa yake.

A Agustan 2009 Sanusi Lamido ya sauke shugabannin bankuna biyar, Babban Banki ya zuba naira biliyan 420 don kada su rushe. Ban ce an yi kuskure ba, domin ajiyar talakawa na ciki. Amma mu ƙananan masu hannun jari kowa tasa ta fisshe shi. Ni gonar gado na sayar a wulaƙance na biya bashi. Wanda ya saya ba ya fi ni wayo ba ne, kuɗi ne da shi a ajiye da ba ya bukata, ni kuma ana buga min ƙofa.

Wannan shi ne abin da malaman namu ba sa faɗa. Idan tattalin arziki ya karye, dukiya da yawa hannu kawai take sauyawa. Mai bashi, mai kuɗin makaranta a wuya, mai mara lafiya a asibiti, su ke sayarwa. Mai rara shi ke saye. Ka ce wa direban Keke Napep da bai gama biyan balas ba ya sayi hannun jari tunda ya yi araha, wallahi kamar ka ce wa mai jin yunwa ya ajiye iri ne.

Kuma ku lura, duk lokacin da aka shiga matsi sai 'yan damfara su fito. A 2016, bayan gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30, tattalin arzikin Najeriya ya tsuke, sai ga MMM. A Disambar shekarar suka rufe asusun mutane. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita wasan. Ban zagi waɗanda suka faɗa ba. Mutumin da ya ga hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuɗinsa na narkewa a banki kamar ƙanƙara a rana, dole ya nemi mafita. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, mu zo kan shugabanni, har da namu na gida, don ba zan rufe ido ba. Asusun rarar kuɗin mai ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. Zuwa 2015 abin da ya rage bai wuce kusan biliyan 2 ba. Gwamnatin tarayya da gwamnoni, na jam'iyyu daban-daban, aka zauna aka raba. Da farashin mai ya faɗi sai aka buɗe rumbu aka tarar da ɓeraye kawai. Abin da na yi wa kaina a 2007 shi ƙasa ta yi wa kanta: an cinye kaka, bazara ta zo babu ko mudu. Sannan ga wasu manya da ke cika sito da masara da shinkafa, su ƙulle daloli a gida, suna kiran abin jari. Wannan cin naman talaka ne, ko wace hula mai shi ya sa.

Ga abin da wahala ta koya min. Kada ka ci bashi don sayen hannun jari, ko wa ya ba ka shawara. Ka fara ajiye abincin gida na 'yan watanni, ka rage bashin da ke kanka. In rara ta samu, ka saya kaɗan-kaɗan da kuɗin da ba za ka nema ba nan da shekaru, kuma kada ka zuba duka wuri guda. Tun 2017 gwamnati na sayar da takardar lamunin ajiya daga naira 5,000, akwai kuma Sukuk ga mai gudun kuɗin ruwa, ko da yake hauhawar farashi kan cinye ribar. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka riƙe aljihunka ka wuce.

Ɗan takara kuma, in ya zo neman ƙuri'a, ko namu ne, kada mu tsaya kan taliya da atamfa. Mu tambaye shi nawa zai ajiye ranar da mai ya yi tsada, kuma wa zai riƙe makullin rumbun. Wanda ya kasa amsawa, mun san abin da zai yi da kaka.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu shugabanni masu tanadi.