Madatsun Ruwan Kamaru: An Tare Kogi, Saura Riƙon Amana

 

A watan Maris na 2025 aka kunna inji na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe, a madatsar ruwa ta Nachtigal da ke kan kogin Sanaga, kimanin kilomita 65 arewa maso gabas da Yawunde. Ƙarfinta megawat 420, kuma babu tashar lantarki da ta kai ta girma a ƙasar nan. Mutane sun yi murna, suna ganin duhu ya ƙare. Amma tela a Briqueterie, da mai injin niƙa, da mai walda, da ɗalibin da ke bitar karatunsa da dare a Tsinga, duk sun san ba a daina ɗauke wuta ba. Tambayar da ake yawan yi mana bayan salla ita ce: in an gina duk waɗannan madatsu, ina wutar take? Amsar tana buƙatar mu fara sanin kogunanmu da abin da aka gina a kansu, sannan mu duba abin da shari'a ta ce a kan wanda ya tare ruwa.

Koguna biyu daga tudu ɗaya

Manyan kogunan da lantarkin Kamaru ya dogara a kansu daga tudun Adamawa suke tasowa. Djerem da Lom suna gangarowa kudu, su haɗu su zama Sanaga, kogin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar, fiye da kilomita 900, har ya faɗa teku bayan ya wuce Edéa. Binuwai kuma yana yin arewa, ya ratsa Garwa, ya shiga Najeriya ta Yola da Makurdi, ya haɗu da Kwara a Lokoja.

Madatsun da ke kan Sanaga da rassansa iri biyu ne. Akwai masu samar da wuta: Edéa, wadda aka fara tun shekarun 1950 lokacin Turawan Faransa, kuma ita ta riƙe masana'antar alminiyam ta Alucam tun 1957, sai Song Loulou, wadda ta fara aiki a 1981 tana da megawat 384, sai Nachtigal ta yanzu. Akwai kuma waɗanda aikinsu kamar na rumbu ne, su tara ruwan damina su riƙa sakinsa da rani: Mbakaou a kan Djerem kusa da Tibati, tun 1969, Bamendjin a kan kogin Noun, tun 1974, Mapé kusa da Magba, a ƙarshen shekarun 1980, da babbarsu Lom Pangar a yankin Gabas, wadda aka fara tara ruwa a cikinta a 2015, tana riƙe da kimanin kubik mita biliyan 6. Ita ce ta ɗaga ruwan da Sanaga ke kwararwa da rani daga kimanin kubik mita 720 a daƙiƙa zuwa sama da 1,000. Ba don wannan ajiya ba, da wutar da injinan Nachtigal ke bayarwa ta ragu ƙwarai da rani.

A wajen Sanaga akwai Memve'ele a kan kogin Ntem a Kudu mai megawat 211, da ƙaramar Mekin a kan Dja. A Arewa kuma akwai Lagdo a kan Binuwai, da Maga a gefen Logone, wadda aka yi domin noman shinkafa.

Daga bakin kogi zuwa ɗakin talaka

Wuta ba ta isa gida sai ta bi manyan layuka, ta sauka a tashoshi, ta ratsa taransifoma, sannan ta shiga wayar unguwa. A nan ne ƙasarmu ta fi rauni. Memve'ele misali ce: an gama gininta, amma sai da aka shafe shekaru kafin babban layin da zai kawo dukan ƙarfinta Yawunde ya kammala. Ga shi kuma Ntem ba shi da rumbu a samansa irin na Sanaga, don haka da rani ya yi tsanani sai abin da tashar ke bayarwa ya faɗi ƙwarai.

Sai maganar kuɗi. Nachtigal ta ci kimanin yuro biliyan 1.2. Kamfanin da ya mallake ta haɗaka ce: EDF na Faransa yana da kashi 40 cikin 100, gwamnatin Kamaru 15, saura na wasu masu zuba jari. Yarjejeniyar ta ce za a biya kuɗin wutar da tashar ta shirya bayarwa, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, abin da ya kai kimanin sefa biliyan 10 kowane wata. Ma'anar wannan ita ce duk wutar da layi ya kasa ɗauka, ko ta ɓace a hanya, ko aka sha ba a biya ba, bashi ce a wuyan ƙasa. Mai rijiya ya haƙa, ruwa ya zo, amma guga a huje yake, kuma kuɗin haƙa yana jiran biya.

Lagdo da rabon Arewa

An gina Lagdo tsakanin 1977 da 1982 da taimakon ƙasar Sin, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa. Injinanta huɗu ne, jimilla megawat 72. A lokacin wannan ya wadatar. Yau shekara sama da 40 ke nan, Garwa da Marwa da Ngaundere sun ninka girmansu, injinan sun tsufa, laka tana ta cike tafkin. Da damina ta yi ƙaranci a 2020 da 2021, 'yan'uwanmu na can sun sha duhu na sa'o'i masu yawa a kullum. An kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Guider, sun rage zafi, amma madatsar Bini a Warak kusa da Ngaundere, wadda aka tsara mata megawat 75, aikinta ya tsaya shekara da shekaru.

Abin lura shi ne, tun asali layukan Kudu daban, na Arewa daban. Ruwan da aka tara a Mbakaou, a cikin yankin Adamawa, ya fi shekara 50 yana juya injinan Edéa, amma ba a shimfiɗa layin da zai mayar da wutar inda ruwan ya fito ba. Akwai aikin haɗa layukan biyu daga Nachtigal zuwa Arewa, har ya zarce Cadi, da tallafin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka. A ganinmu babu aikin da ya fi wannan cancantar a matsa a kansa. Ba muna faɗin haka domin hura wutar ɓangaranci ba. Ƙasar da ta sha daga tudu ɗaya ya kamata ta ga haske tare.

Haƙƙin wanda ke ƙasan kogi

Musulunci bai bar wannan babi ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna ruwa da makiyaya da wuta abubuwa ne da jama'a suka yi tarayya a cikinsu. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke a kan wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, inda aka ba na sama damar riƙe ruwa gwargwadon idon sawu, daga nan ya sake shi ga na ƙasa. Malamai sun fahimci abu biyu daga nan. Na sama yana da haƙƙin fara amfani. Amma haƙƙin nan yana da iyaka, kuma ba ya halatta masa ya cutar da na ƙasa, ko ta hanyar hana shi ruwa, ko ta hanyar sako masa shi ba shiri.

Mun ga cutarwa ta farko a Maga. Da aka yi ganuwar nan mai tsawon kilomita 27 a 1979, an samu shinkafa, amma ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamun Waza da Logone ta ragu, ciyawar rani ta ƙone, masunta da makiyaya suka rasa abin yi. Sai a 1994 aka buɗe wata mashiga aka mayar wa fadamar wani ɓangare na ruwanta. A Nachtigal ma, masu haƙar yashin da ake gina Yawunde da shi da masunta sun kai ƙorafi ga masu ba da bashin aikin a kan diyya. Wanda aka ɗauke wa hanyar abinci domin amfanin jama'a, biyansa cikakke wajibi ne.

Cutarwa ta biyu ita ce ake zargin Lagdo da ita. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, a 2022 kuma ta kashe sama da 600. Duk lokacin nan yatsa Lagdo yake nunawa. Adalci shi ne a faɗi dukan gaskiya. Idan tafki ya cika, dole a buɗe ƙofofi, domin fashewar madatsar ta fi sakin ruwan muni nesa ba kusa ba, kuma mutanen Garwa ne za ta fara ci. Sannan Mayo Kebbi da Faro suna shiga Binuwai ne bayan ya wuce Lagdo, haka Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala a cikin Najeriya, ga ruwan sama mai yawa. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a jihar Adamawa domin ta tare abin da ya sauko, har yau ba a gina ta ba. Duk da haka, nauyin da ke kanmu mu na sama bai faɗi ba: a sanar da wuri, a saki ruwa sannu a hankali, a faɗi adadinsa ba ɓoye-ɓoye. A Satumba 2024 an yi haka, an sanar da Najeriya kafin buɗe ƙofofin. Ya kamata ya zama ƙa'ida ta kullum, tunda ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Kogin Neja mai mazauni a Yamai. Mutumin Yola da na Garwa dangi ne, kabari da yawa na kakanninsu a gari ɗaya suke.

Darasin Ma'arib

Suratu Saba'i ta ba mu labarin mutanen da Allah Ya ba gonaki biyu dama da hagu, suka juya baya ga godiya, sai aka saki ambaliya a kansu. Masana tarihi sun tabbatar da cewa madatsar Ma'arib a Yaman ta yi sama da shekara 1,000 tana aiki, ana gyara ta duk lokacin da ta tsage, har ta rushe gaba ɗaya a ƙarni na 6 na Miladiyya, mutane suka watse. Godiyar ni'ima tana da ɓangaren harshe, tana da ɓangaren aiki, kuma kula da abin da aka ba ka yana cikin na biyun.

Ba sai mun je Yaman ba. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A nan kusa da mu, ranar 8 ga Oktoba 2023, bangon wani tsohon tafki a Mbankolo ya fashe bayan ruwan sama mai ƙarfi, laka ta binne gidaje, kusan mutum 30 suka rasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Shugabanni sun fi son yanke ƙyallen buɗe sabon gini, domin shi ake ɗauka a hoto. Kuɗin yashe laka da ɗinke tsaga ba ya jawo tafi, amma shi ke hana jana'iza. Edéa ta haura shekara 70, Song Loulou da Lagdo sun haura 40. Kafin a ɗora sabon bashi domin Kikot da ake shirin ginawa a kan Sanaga, jama'a suna da haƙƙin jin nawa aka ware domin tsofaffin.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ba daidai ba ne mu nemi amana daga hukuma mu kuma mu ci tamu. Jona waya a ɓoye da taɓa mita cin dukiyar jama'a ne, ko a gida ne, ko a shago, ko a masallaci. Shi ke ƙona taransifomar unguwa, shi ke tayar da gobara a kasuwa. Wanda yake ganin an zalunce shi a takardar biya, ya kai ƙara, mu kuma mu tsaya masa. Zaluncin wani ba ya halatta sata.

Haka ruwan sha. Tun 2024 ake jawo wa Yawunde ruwa daga Sanaga, a aikin da aka tsara ya ba da kubik mita 300,000 a rana. Kogin da ke ba mu haske shi ne kuma muke alwala da shi. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafuka biyu. Kwamitocin masallatai su gyara famfunan da ke ɗiga, mu daina zuba shara a magudanai, mu daina gini a hanyar ruwa, domin ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ga ɗalibanmu kuma: malamai sun sanya ilimin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi cikin farillan kifaya. Waɗannan madatsu suna buƙatar injiniyoyi, da masu auna ruwa, da lauyoyin da za su iya karanta yarjejeniya kafin a sa mata hannu. Wanda ya haddace babin ruwa a fiƙihu ya kuma san lissafin kogi, shi ne zai iya zama a teburin da ake yanke waɗannan hukunce-hukunce ya yi magana a saurare shi.

Allah Ya sanya albarka a kogunanmu, Ya tsare mu daga ambaliya da fari, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya ba mu ikon riƙe tamu. Amin.