Natsuwa Daban, Kwanciyar Hankali Daban

Kwanakin baya na taya wani malamina duba takardun ɗaliban fassara, sai na lura da yawansu suna musanya *natsuwa* da *kwanciyar hankali* kamar kalma ɗaya ce. Ban ga laifinsu sosai ba, domin haka suke ji a rediyo kullum. Sai dai a nawa ra'ayin, wannan musanye asara ce ga harshe, kuma ya kamata manazarta su tanka.

Mu fara da ƙirar kalmar. *Natsuwa*, wadda wasu ke furtawa *nutsuwa* ko *nitsuwa*, ta samu ne daga aikatau *natsu*. A rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, irin wannan yana aji na bakwai, tare da *dafu* da *gyaru* da *ɗauru*, waɗanda ke nuna aiki ya kai maƙura. Ina kuma ganin kusancinta da *nutso* ba haɗuwar sauti ce kawai ba. Mai nutso a kogi ba hutawa yake yi ba: ya tattara numfashi da ƙarfinsa wuri ɗaya ne don ya kai ƙasa. Haka wanda ya natsu yake yi da hankalinsa.

Kwanciyar hankali kuwa yanayi ce da ke sauka ga mutum idan damuwa ta kau. An biya bashi, mara lafiya ya samu sauƙi, matafiyi ya iso gida, sai hankali ya kwanta. *Sukuni* ma kusan haka yake, har da ƙarin ma'anar sarari da wadata. Dubi uwar da ɗanta ya shiɗe cikin dare. Babu mai cewa hankalinta a kwance yake, amma idan ta natsu za ta tuna inda magani yake da wanda za ta tasa ya kai su asibiti. Ashe ana iya samun natsuwa a tsakiyar tashin hankali, kuma a nan ne ma aka fi bukatarta.

Malaman zaure sun daɗe da kiyaye wannan bambanci. Da suka zo fassara *ɗuma'nina* a littattafai irin su Ishmawi, inda aka lissafa ta cikin farillan salla, *natsuwa* suka zaɓa. Abin nufi gaɓɓai su tabbata a ruku'u da sujada kafin a ɗago. Ke nan aiki ce da ake nema mutum ya yi, har a ce ya yi ko bai yi ba. Ba a farlanta wa kowa abin da ba ya hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ƙuntata kalmar a bakin jama'a. Idan aka ce "yarinya mai natsuwa" a yau, galibi ana nufin mai shiru-shiru da sunkuyar da kai. Alhali nawa muka gani masu shiru da hankalinsu ke kasuwa, da masu yawan magana da ba sa kuskure lissafi? Mai koko da ke sallamar mutum goma a tare, tana hira, ba ta ɓata canjin kowa ba, ta fi su cancantar wannan yabo.

A takardun nan, ɗaliba ɗaya tak ta rubuta cewa direba ya natsu lokacin da taya ta fashe, hankalin fasinjoji kuma bai kwanta ba sai da mota ta tsaya. Ita na roƙi malam ya ba cikakken maki.